James Cook, matuƙin jirgin da ya gaji sunan masu girki

Kalmar kuku da muke kiran mai girkin otel da ita, daga Turanci ta zo, kuma ita ce sunan zuri'ar James Cook. A Ingila, tsakanin ƙarni na 12 da na 14, sana'ar mutum ta riƙa zama sunan da jikokinsa ke gada: Smith maƙeri, Baker mai gasa burodi, Cook mai dafa abinci.

James bai gaji tukunya ba. An haife shi a ƙauyen Marton a 1728, mahaifinsa ɗan ƙwadagon gona ne. Ya koyi aikin teku a Whitby cikin jiragen dakon kwal, sannan ya shiga sojan ruwa a 1755.

A 1770 ya kai gaɓar gabashin Ostireliya, ya ce ƙasar ta zama ta Sarkin Ingila ba tare da ya tambayi mazaunanta ba. Har yau jikokinsu na tuna wannan da ɓacin rai.

An kashe shi a tsibirin Hawai a 1779, a rikici kan kwalekwalen da aka sace masa. Yau tsibiran Cook da ke tekun Pasifik suna ɗauke da sunansa.