Eric Dolphy: Makaɗin da ciwon suga ya kashe bai san yana da shi ba

An haifi Eric Dolphy a birnin Los Angeles na Amurka ranar 20 ga Yunin 1928. Baƙar fata ne, gwanin busa sarewa, wanda ya yi fice a kiɗan jaz tare da John Coltrane da Charles Mingus. Abokan sana'arsa sun shaide shi da cewa ba ya shaye-shaye.

A 1964 ya bi tawagar Mingus zuwa Turai, ya yanke shawarar zama a Faris. Ƙarshen watan Yuni ya je wasa Berlin ta Yamma, a can ya yanke jiki ya faɗi. Suga ne ya hau har ya jefa shi dogon suma.

Wasu makusantansa sun ce a asibiti an ɗauka ƙwaya ya sha, aka bar shi wai sai ta sake shi. Mai irin wannan suma yakan yi kama da wanda ya bugu, gwajin jini ne ke rarrabewa. Abin takaici, a lokacin an fi shekara 40 ana ceto masu ciwon da allurar insulin.

Ya mutu ranar 29 ga Yuni, kwana 9 bayan cikarsa shekara 36.