Tarihin Sir Rider Haggard, Mai Labarin Matar Da Ta Yi Jiran Shekara 2,000

Akwai wani irin littafin hira da ya cika kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka a zamanin nan, wanda samari da 'yan mata su ke rububinsa. Ginin labarin kusan ɗaya ne kullum: a wata duniya ta sihiri an ƙaddara wa wani namiji da wata mace su na juna ne tun ba a haife su ba, sa'an nan yaƙi ko tsafi ko mutuwa ta shiga tsakani, su yi ta neman juna har su sadu. Mu a nan ba baƙin wannan tunani ba ne, gama mun saba cewa matar mutum kabarinsa. Da muka bi sawun irin littattafan nan, sai muka iske ɗaya daga cikin kakanninsu wani Bature ne mutumin Ingila, Henry Rider Haggard. Tarihinsa muka kawo yau, domin abin da ya same shi ya fi abin da ya rubuta ban tausayi.

An haife shi ran 22 ga watan Yuni, 1856, a ƙauyen Bradenham cikin lardin Norfolk. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma. Ubansa lauya ne mai gonaki, mai zafin rai, ya kuwa ɗauke shi daƙiƙi, har bai kai shi irin manyan makarantun da ya kai 'yan'uwansa ba, sai makarantar garin Ipswich. Yaro ya nemi shiga soja ya faɗi jarrabawa. Malaman makaranta su lura da wannan, kada su yi gaggawar yanke wa yaro ƙauna.

Cikin 1875, yana da shekara 19, uban ya samo masa aiki ba albashi a ofishin Sir Henry Bulwer, Gwamnan Natal, a Afirka ta Kudu. Daga nan ya koma ƙarƙashin Sir Theophilus Shepstone, yana kuwa cikin ayarinsa a Pretoria sa'ad da Ingila ta karɓe ƙasar Transvaal cikin 1877. Ba a jima ba ya zama magatakardan Babban Kotun ƙasar. A shekarun nan ya zauna da Zulu, ya ji tarihin sarakunansu da yaƙe-yaƙensu, abin da ya zama masa jari daga baya.

To, kafin ya bar Ingila ya ga wata yarinya, Lilly Jackson, ya so ta so mai tsanani. Niyyarsa da ya sami aiki mai albashi ya komo a ɗaura aure. Da ya shirya tahowa sai uban ya hana, ya ce ya tsaya inda ya ke sai ya kafu. Ya bi umurnin mahaifi. Kafin ya sami komowa gida cikin 1879, yarinya ta riga ta auri wani mai kuɗi. Cikin 1880 shi kuma ya auri Louisa Margitson, ƙawar 'yar'uwarsa, wadda ta gaji gida da gonaki a Ditchingham. Suka tafi Natal ya taɓa kiwon jimina, yaƙin Ingila da Turawan Boer ya hana su sakat, suka komo gida ya karanta aikin lauya.

Aikin lauya bai shiga ransa ba. An ce gardama suka yi da wani ɗan'uwansa, ya ce zai iya rubuta labarin da zai kai Treasure Island daɗi. Abin da ya haifi King Solomon's Mines ke nan cikin 1885. Masu ɗab'i suka ba shi zaɓi, ko ya karɓi fam 100 ya sallama littafin, ko a riƙa ba shi ɗaya bisa goma na kuɗin kowane da aka sayar. Ya zaɓi na biyu, ya kuwa dace, don littafin ya yi kasuwa ƙwarai.

Amma littafin da ya sa muka tuna da shi yau shi ne She, watau Ita. Cikin kamar mako shida ya rubuta shi. Aka fara buga shi kashi-kashi a jaridar The Graphic daga Oktoba 1886, ya fito littafi cikin 1887. Ga yadda labarin ya ke. Wani malamin Jami'ar Cambridge, Holly, ya riƙe wani maraya, Leo. Ran da Leo ya cika shekara 25 suka buɗe akwatin gadonsa, suka sami wani tsohon kasko da rubutu a jikinsa. Rubutun ya kai su gabashin Afirka, har kangon wani birni wai shi Kor, inda wata sarauniya Ayesha, watau A'isha, ta ke mulki daga cikin kogo, fuskarta a rufe don kyaunta yana zautar da mutum. Ta yi wanka cikin wata wutar sihiri, saboda haka ba ta tsufa. Shekara fiye da 2,000 da suka wuce ta so wani malamin tsafi na Masar, Kallikrates, shi kuwa ya ƙi rabuwa da matarsa, kishi ya ɗebe ta ta soke shi. Tun daga ran nan ta ajiye gawarsa, tana jiran ya sake dawowa duniya. Da ta ga Leo sai ta ce ai shi ne ya komo.

A nan ne gwanintar marubucin ta ke. Bai mai da sarauniyan nan abar koyi ba. Wata yarinya, Ustane, ta riga ta so Leo, ta yi jinyarsa da ba shi da lafiya, sarauniya ta kashe ta ba ko tausayi, hujjarta ita ce an rubuta Leo nata ne. Shi kuma Leo, da ta buɗe fuska, sai ya kasa ƙinta, ga gawar mai ƙaunarsa kwance a gabansa. Daga ƙarshe ta kai shi wurin wutan nan don shi ma ya dawwama. Da ta ga yana shakka ta shiga don ta nuna masa ba kome, sai wutar ta karɓe abin da ta ba ta, shekarun nan duka suka auka mata gaba ɗaya, ta motse ta mutu a gabansu. Labari ne ƙagagge, amma duk mai hankali ya ga inda aka nufa: son da ya fake da ƙaddara don ya taka haƙƙin wani, ƙarshensa toka.

Masana da yawa suna ganin raɗaɗin rashin Lilly ne ya ke fitowa cikin littattafansa, gama ya yi ta maimaita labarin masoyan da aka raba, ita Ayesha ma sai da ya komo kanta sau uku, cikin 1905 da 1921 da 1923. Ga kuwa abin da ya faru a zahiri. Mijin Lilly ya ci amanar dukiyar da aka ba shi ajiya, ya gudu Afirka ya bar ta da 'ya'ya ba ko anini. Haggard ya sama musu gida, ya ɗauki nauyin karatun yaran. Daga baya ta bi mijin can, ta ɗauki mugun ciwo a wurinsa, ya mutu, ta komo Ingila cikin 1907. Haggard ya sake ɗaukar nauyinta har ta rasu cikin Afrilu 1909. Bai rabu da matarsa ba, bai kuma yi shelar alherin ba, har jama'a ba su san labarin sosai ba sai cikin 1981, da aka buga wani tarihinsa. Ban da wannan baƙin ciki, ɗansa namiji tilo ya rasu cikin 1891 bayan ciwon ƙyanda, lokacin iyayen suna Meksiko.

Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga noma da aikin gwamnati. Ya zaga lardunan Ingila yana binciken halin manoma, ya buga sakamakon cikin 1902. Sarkin Ingila ya ba shi lambar Sir cikin 1912. Ya rasu a Landan ran 14 ga watan Mayu, 1925.

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi aibinsa, don gaskiya ɗaya ce. Haggard ɗan zamanin mulkin mallaka ne. Ko da ya ke ya yabi jaruntakar Zulu, cikin She ya mai da baƙar fata talakawan farar mace, ya kuma bi ra'ayin masu cewa manyan kangaye na Afirka baƙi ne suka gina su. Binciken da aka yi a kangon Zimbabwe cikin 1905 da 1929 ya tabbatar mutanen ƙasar ne suka gina abinsu. Malamin da zai ba almajirai littafin nan, wajibi ne ya gaya musu haka.

Duk da wannan, sawunsa bai ɓace ba. Tolkien, mai littafin The Lord of the Rings, ya ambaci She cikin littattafan da suka shiga ransa yana yaro, kuma har gobe marubuta suna ta juya labarin mai dogon rai da ke jiran rabonsa. Mu dai abin da muka tsinta shi ne bambancin da ke tsakanin mutumin da abin da ya ƙaga. Sarauniyar da ke cikin littafi ta rasa wanda ta ke so, ta kashe shi ta zauna gadin gawa. Wanda ya rubuta ta ya rasa wadda ya ke so, ya yi haƙuri, ya riƙe iyalinsa, ran da ta shiga wahala kuma ya ciyad da ita da 'ya'yanta. Yaranmu masu karanta irin littattafan nan, mu taimake su su gane wanne ne so cikin biyun.