Robert Boyle (1627–1691): Rayuwarsa da Bincikensa a kan Iska

1.0 Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa goya famfon feshi a gonar auduga ko ta masara a yankin Funtua da Malumfashi ya san cewa yana ƙara buga hannun famfon, hannun yana ƙara tauri, maganin kuma yana ƙara fita da ƙarfi. Dalili shi ne iskar da ke ciki ake takurewa a ƙaramin gurbi. Wannan darasi zai kawo tarihin Robert Boyle, masanin da dokar da ke bayyana wannan al'amari take ɗauke da sunansa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Boyle ranar 25 ga Janairu, 1627 a garin Lismore na ƙasar Ailan. Shi ne na goma sha huɗu a cikin 'ya'yan Richard Boyle, basarake kuma hamshaƙin attajiri. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku, ya kuma tashi da i'ina. Yana da shekara takwas aka kai shi makarantar Eton a Ingila. A shekarar 1639 aka haɗa shi da wani malami suka tafi Siwizalan, daga can suka zarce Italiya, inda ya nazarci ayyukan Galileo. Ya koma Ingila a 1644, bayan rasuwar mahaifinsa. Maimakon ya bi hanyar sarauta, sai ya karkatar da dukiyar da ya gada wajen neman ilimi.

3.0 Bincikensa a kan Iska

Bayan ya koma birnin Oxford da zama, Boyle ya ɗauki wani haziƙin saurayi mai suna Robert Hooke a matsayin mataimaki. A 1659 suka ƙera famfon zuƙe iska daga cikin tulun gilashi. Da suka zuƙe iskar, sai suka ga kyandir ya mutu, ƙarar agogo ta dushe, tsuntsun da aka sa a ciki ya galabaita. A littafinsa na 1660, Boyle ya bayyana cewa iska tana da nauyi, tana kuma da halin turjiya, wato idan aka danne ta sai ta yunƙura ta koma yadda take, tamkar audugar da aka dunƙule a tafin hannu.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani malami, Francis Line, ya yi masa raddi a 1661, yana mai cewa iska ba ta da ƙarfin tokare zaiba a cikin bututu, wani zare ne da ido ba ya gani yake riƙe da ita. Boyle bai tsaya cacar baki ba, domin a wurinsa gani ya kori ji. Sai ya samo dogon bututun gilashi mai siffar ƙugiya, gajeren ɓangarensa a toshe, dogon a buɗe. Ya riƙa zuba zaiba ta buɗaɗɗen bakin, tana danne iskar da ta maƙale a gajeren ɓangaren, ana rubuta awo daki-daki.

Da farko iskar ta cika gurbi mai awo 48, matsin da ke kanta kuwa daidai yake da na zaiba mai tsawon inci 29. Da gurbin ya ragu zuwa 24, sai matsin ya kai kusan inci 59. Da ya koma 12, matsin ya haura inci 117. Ke nan idan gurbi ya ragu da rabi, matsi yakan ninka, muddin zafin iskar da yawanta ba su sauya ba. Wannan ita ce Dokar Boyle, wadda ya buga a 1662. Bai kuma ɓoye cewa Richard Towneley yana cikin waɗanda suka fara hasashen haka ba.

4.0 Waɗanda Suka Ɗora a Kai

Boyle ya daidaita matsi da gurbi ne kawai, saura zafi. Wajen 1787 Bafaranshe Jacques Charles ya lura cewa iska takan buɗe idan ta ɗumama, sannan Joseph Gay-Lussac ya buga tabbacin haka a 1802. Idan kuwa iskar tana kulle a mazubin da ba ya buɗewa, to zafin sai ya ƙara mata matsi. Shi ya sa tayar motar da aka cika fiye da kima takan fashe da tsakar rana a lokacin bazara, shi ya sa kuma ake hana ajiye tukunyar gas kusa da wuta. A 1834 Émile Clapeyron ya tattara waɗannan dokoki a lissafi guda.

5.0 Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

A 1661 ya fitar da littafinsa mai suna The Sceptical Chymist, inda ya ƙalubalanci tsohon ra'ayin cewa daga ƙasa da ruwa da iska da wuta aka haɗa komai. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ta Royal Society a 1660. An zaɓe shi shugabanta a 1680, amma ya ƙi karɓa saboda gudun rantsuwar kama aiki. Daga 1668 ya zauna a Landan tare da yayarsa Katherine, bai kuma taɓa aure ba. Ya rasu ranar 31 ga Disamba, 1691, kimanin mako guda bayan rasuwarta.

6.0 Kammalawa

Babban gadon Boyle shi ne tsarin aikinsa: a gwada, a auna, a rubuta bayani dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa, ko da gwajin bai yi nasara ba. Ɗalibin harshe ma yana bukatar wannan tarbiyya, domin hujjar da aka tattaro daga bakin masu harshe ita ke tsayar da ƙa'idar nahawu.

Auna Fahimta

1. Bayyana Dokar Boyle da kalmominka, tare da misali daga gona ko gida.
2. Wace hanya Boyle ya bi wajen mayar wa Francis Line martani?
3. Tattauna dacewar kalmomin matsi da gurbi a matsayin keɓaɓɓun kalmomin kimiyya.