Aina Onabolu, Wanda Ya Shigar da Zane Cikin Aji

 Na tabbata ba ku manta da darasin zane ba, lokacin da ake aje mana tulu ko ƙwarya a kan tebur mu zana da fensir. To darasin nan ba daga sama ya faɗo ba. Marigayi Aina Onabolu ne ya sha wahalar shigar da shi makarantun Nijeriya, kuma tarihinsa na kawo mana a wannan fitowa.

An haife shi a Ijebu-Ode cikin 1882. Ba wanda ya koya masa zane. Tun yana yaro yake kwaikwayon hotunan littattafai da jaridun Turawa har hannunsa ya faɗa. Da ya girma sai ya kama aikin akawu a Ikko, idan ya tashi daga ofis ya koma kan zanensa. A zamanin nan Turawan mulki da dama sun ɗauka baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito da kamanninsa sak ba. Onabolu bai tsaya gardama da su ba. A 1906 ya zana hoton Uwargida Spencer Savage, daga nan ya ci gaba da zana manyan mutanen Ikko, aikinsa ya zama amsa.

Amma ƙwarewa ba takardar shaida ba ta buɗe ƙofar gwamnati. Saboda haka a 1920, yana dab da shekara 40, ya tafi makarantar zane ta St John's Wood a Landan, ya zarce Académie Julian a Faris, ya dawo a 1922. Da ya so, da hotunan attajirai kaɗai sun riƙe shi. Maimakon haka sai ya riƙa zagaya makarantun Ikko yana koyarwa, ciki har da King's College da CMS Grammar School. Da aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya matsa wa hukumar ilmi ta ƙaro malamai. Ta haka aka kawo Kenneth Murray a 1927, wanda ya koyar da mashahurin mai zane Ben Enwonwu.

Mu ma a Arewa mun ci gajiyar wannan fafitika. A 1955 aka mayar da sashen zane na kwalejin fasaha daga Ibadan zuwa Zariya, daga baya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, inda malaman zane da yawa suka fito. Onabolu ya rasu a Ikko a 1963.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar zane tamkar wasan yara. Alhali ƙasarmu ta Batsari da Safana ba ta rasa masu hannu ba, daga magina masu ƙawata bangon zaure zuwa masu zanen ƙwarya. Wanda ba ya son zana mutum, ai ga zayyana, ga taswira, ga tsarin gini, duk hannun nan suke bukata.

Don haka nake roƙon ƙungiyarmu, a taro mai zuwa, ta ware wani abu na sayen takardu da fenti ga ƙannenmu, ta kuma sa kyauta ga ɗalibin da ya fi iya zane.