Bernard Fagg: Baturen da ya gano tarihin ƙarfe a ƙasar kuza

An haifi Bernard Fagg a Ingila a 1915. Ya zo Jos a 1939 a matsayin jami'in mulkin mallaka, lokacin da haƙar kuza ke tashe a Filato. Leburori sukan ci karo da kawunan mutum-mutumi na yumɓu a ramukan kuza. Wani kai da aka tono a 1943 a yankin Jama'a ya isa hannunsa, sai ya lura ya yi kama da wanda aka samu a Nok a 1928. Daga nan ya roƙi masu haƙar ma'adinai su riƙa adana irin waɗannan kaya, ya kuma raɗa wa wannan wayewa sunan Nok.

Ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952. A shekarun 1960 ya yi tono a Taruga, kudu maso gabashin Abuja, inda ya gano murahun narka tama da suka haura shekara 2,000, shaidar cewa mutanen yankin sun san fitar da ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ya rasu a 1987. Bayansa, ɓarayin kayan tarihi sun wawure wuraren Nok da dama, suka sayar da kayan a Turai.