Madaki Auwa: matar Rumfa da ta hana a yi wa ɗanta juyin mulki a Kano

Kundin Tarihin Kano ya saba ambaton sunan mahaifiyar sarki kawai ya wuce. Da ya zo kan Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa, sai ya tsaya, domin tasirinta ya ratsa zamanin sarakuna uku: mijinta, ɗanta da jikanta.

Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a birnin. Shi ne kuma aka ce ya fara kulle a fada. A wannan gida Auwa ta zauna, ta haifi Abdullahi da Abubakar Kado, waɗanda dukansu suka hau gadon sarauta.

Ƙarfinta ya fito fili bayan rasuwar mijinta, lokacin da Abdullahi ya gaje shi a 1499. Sabon sarkin ya fita yaƙi da Katsina, daga nan ya nufi Zazzau. Yana can, Dagaci, basarake mai tushe a gidan sarautar Barno, wanda ya tara dukiya da jama'a a Kano, ya shirya tawaye. Da sarki ya dawo sai ya tarar mahaifiyarsa ce kaɗai ta tsare garin, saboda manyan Kano ba sa tsallake maganarta.

Rikicin ya jawo Sarkin Barno ya taso da runduna ya yada zango kusa da birni. Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙasƙantar da kai, har maharan suka juya. Suna tafiya ya tuɓe Dagaci, ya ba wani bawansa sarautar. Da tawayen ya yi nasara tun farko, da wuya gadon ya zauna a hannun zuriyar Rumfa.

Da jikanta Muhammadu Kisoke ya hau a 1509, Auwa ta ci gaba da riƙe ragama tare da mahaifiyarsa, Iya Lamis, da ɗan'uwanta Guli, wanda ikonsa ya game ƙasa. Kisoke ya yi mulki har 1565, kuma a zamaninsa Kano ta daina sunkuya wa Barno. Gidan da ta gina ya ci gaba da amsa sunanta, Gidan Madaki Auwa.

Har gobe fadar Kano na girmama mahaifiyar sarki da sarautar Mai Babban Ɗaki. Sai dai shekara 500 bayan Auwa, babu jiha ko ɗaya a Najeriya da ta taɓa zaɓen mace gwamna.