Oliver Heaviside: Kurman Da Ya Gyara Muryar Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari ko Fagge cikin Kano, ya ga yadda ake buɗe wayar hannu ko kwamfuta a zaro wani ɗan ziri mai laushi kamar leda, da siraran layukan tagulla shimfiɗe a cikinsa. Wannan ziri shi ne ke haɗa allon lantarki guda da ɗan'uwansa, ko ya haɗa allon da gilashin da ke nuna hoto. Wani lokaci zirin bai tsinke ba, wuta tana bi ta cikinsa, amma hoton sai rawa yake yi. Dalili shi ne, isar wuta kaɗai ba ta wadatar ba, dole ne saƙon ya isa da kamanninsa. Mutumin da ya kammala bayanin wannan al'amari da lissafi wani Bature ne mai suna Oliver Heaviside, wanda ya rasu a cikin talauci tun 1925.

An haife shi ran 18 ga Mayu, 1850, a unguwar Camden Town ta birnin Landan. Ubansa masassaƙin hotuna ne a jikin katako, shi ne kuma auta cikin 'ya'ya maza huɗu. Tun yana ƙarami wani zazzaɓi ya taɓa masa kunnuwa, ya bar shi ba ya ji sosai, abin da ya sa ya tashi ba mai shiga mutane ba. Ya bar makaranta yana da shekara 16, bai kuwa taɓa shiga jami'a ba. Sai dai ya yi sa'ar mijin 'yar'uwar uwarsa, watau Charles Wheatstone, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago tangaraho a Ingila. A 1868 ya sami aikin buga tangaraho a Danmak, a kamfanin da ya shimfiɗa waya ta ƙarƙashin teku tsakanin ƙasar da Ingila, daga baya aka mai da shi Newcastle.

A wannan zamani babbar matsalar dogayen wayoyi ita ce cakuɗewar saƙo. Wayar farko da aka ratsa tekun Atlantika da ita a 1858 ta ɗauki kimanin awa 16 kafin ta isar da gaisuwar Sarauniya Victoria mai kalma 98 zuwa ga Shugaban Amurka. Misalin abin kamar ayarin raƙuma ne ya tashi daga zangon Fagge a jere, amma kowane raƙumi da irin saurinsa, kafin a kai Agadas na gaba sun yi nisa, na baya kuma sun cuɗe da ayarin da ke biye. Haka kowane harafi yake: tarin kaɗawar lantarki ne iri iri, in ba su yi tafiya da sauri ɗaya ba sai jelar harafi ta shiga kan na bayansa. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya yi bayanin wani sashe na matsalar tun wajen 1855, amma lissafinsa ya tsaya kan abu biyu, turjiyar tagulla da yadda waya ke tara lantarki a jikinta kamar tulu.

A 1873 Heaviside ya ci karo da babban littafin James Clerk Maxwell kan lantarki da maganaɗisu. Shekara guda bayan haka, yana ɗan shekara 24, ya ajiye aikinsa, bai sake yin aikin albashi ba har ya mutu. Ya koma gidan iyayensa ya rufe ɗaki ya koya wa kansa lissafi. A 1876 ya shigar da abin da Thomson ya bari, watau maganaɗisun da ke kewaye waya duk lokacin da wuta ke bi ta cikinta. A 1880 ya yi rajistar wayar da ake sa ɗaya a tsakiyar ɗaya, don hana saƙon wata waya tsallakawa cikin maƙwabciyarta. Irinta ce ke saukowa daga eriya zuwa talabijin. Wajen 1885 ya taƙaita dogon lissafin Maxwell zuwa jimloli huɗu, su ne ɗaliban kimiyya ke koya har yau. Shi ne kuma ya raɗa kalmar imfidans, watau irin tarbar da waya ke yi wa sigina mai kaɗawa.

Babban abin da ya gano ya zo ne a 1887. Ya nuna cewa halaye huɗu ke mulkin kowace waya: turjiyar tagulla, da tara lantarki, da maganaɗisu, da yoyon da ke fita ta jikin rufinta. In aka daidaita huɗun nan bisa wani ma'auni, dukkan sassan saƙo za su yi tafiya da sauri ɗaya, saƙon zai iso da rauni amma ba a cakuɗe ba. Maganin da ya bayar shi ne a ƙara wa wayoyin tarho maganaɗisu da gangan. To, a nan ne ya yi karo da William Preece, babban masanin lantarki na Gidan Waya na Ingila, wanda ya riga ya bayyana a fili cewa maganaɗisu shi ne abokin gābar tarho. Wan Heaviside, Arthur, injiniya ne a ƙarƙashin Preece, kuma takardar da suka rubuta tare Preece ya hana a buga ta. Kafin ƙarshen shekarar jaridar injiniyoyi da ke buga rubuce-rubucensa ta daina karɓa, ba ta sake buɗe masa ƙofa ba sai 1891. Shi ma Heaviside ba kanwar lasa ba ne, yana da kaifin alƙalami, bai kuwa yafe wa Preece ba har ƙarshen ransa.

Gaskiya dai ba ta ɓuya. A 1891 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Amma ribar aikin a Amurka aka ci ta. George Campbell da Michael Pupin suka fitar da hanyar ɗaura nadaddun wayoyi a tazara tazara a kan layin tarho, Pupin ya sami rajista a 1900, kamfanin AT&T ya biya shi dubban ɗaruruwan daloli. Da wannan dabara aka ninka nisan da murya ke kaiwa. Heaviside kuwa abin da ya dogara da shi fanshon gwamnati ne na fam 120 a shekara, wanda aka yanka masa a 1896. Sau da yawa abokansa sun so su taimaka masa da kuɗi, ya ƙi karɓar duk abin da ya yi kama da sadaka.

A 1902 ya yi hasashen cewa akwai wata shimfiɗa can sama da ke maido da igiyar rediyo ƙasa. Arthur Kennelly na Amurka ya faɗi haka a shekarar, Edward Appleton kuma ya tabbatar da ita a 1924. Irin waɗannan shimfiɗu ne suka sa ake kama tashoshin gajeren zango na ƙasashen waje a Kano. Jami'ar Göttingen ta Jamus ta ba shi digirin girmamawa a 1905, kuma shi ne na farko da aka ba lambar Faraday a 1922. Bai taɓa aure ba. Ya ƙare kwanakinsa shi kaɗai a wani gida a Torquay, bashi ya yi masa katutu har aka yanke masa gas. Ya rasu ran 3 ga Fabrairu, 1925, aka binne shi a Paignton.

Abin mamaki shi ne, lissafin da aka yi domin wayar teku mai ɗaruruwan mil shi ne ke aiki a kan zirin da bai fi tsawon yatsa ba. Saboda saƙon na'urorin yau yana kaɗawa sau miliyan dubu ko fiye a daƙiƙa guda, ɗan zirin nan ya zama doguwar hanya a gare shi. Shi ya sa masu ƙerawa ke auna faɗin kowane layin tagulla da tazararsa, don imfidans ya tsaya kan om 50, ko 90 a tagwayen layin USB. In zirin ya lanƙwashe fiye da kima, ko bakinsa bai zauna daidai a mahaɗi ba, sai ma'aunin ya canja, wani sashe na saƙon ya komo baya kamar amsa-kuwwa ya ɓata na bayansa. Mai gyaran da ya zare zirin a Sabon Gari, ya share bakinsa, ya mayar da shi a miƙe har hoto ya tsaya, bisa ka'idar Heaviside ya yi aiki, ko da bai taɓa jin sunansa ba.